Tukunyar Fulawa: A Fara Duba Gindinta Kafin a Kalli Adonta

Fulawar da aka sayo a wurin masu lambun bakin titi takan yi wata shida ko fiye a cikin baƙar ledarta tana ƙoshin lafiya. A kawo ta gida, a juye ta a wata tukunya mai sheƙi da aka saya da tsada, kafin sati uku ganye ya yi rawaya ya fara zuba. Sai a ce mai fulawa ya yi ha'inci, ko a ce hannun wance ba ya karɓar shuka. In aka kifar da tukunyar, sau da yawa amsar tana nan a fili: gindinta a toshe yake, babu huda ko ɗaya. Ita kuwa ledar da aka raina, an hudhuda ta a wuri biyar ko shida.

Saiwa tana shan ruwa, amma tana kuma shaƙar iska daga ƴan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cika waɗannan kafofi ya kwana biyu ko uku bai sauka ba, ƙananan saiwoyi sukan shaƙe su ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta jan ruwa, don haka ganye ya yi yaushi, mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara kwarara ruwa, ya ƙarasa ta. Alamar da ke bambanta su mai sauƙi ce: shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take, wani lokaci har da ɗan wari irin na kwata. Wannan ruɓa ce.

Saboda haka aikin farko a kan kowace tukunya shi ne huda. Mai faɗin baki santimita 20 zuwa 25 huda ɗaya mai faɗin ɗan yatsa ta ishe ta. Daga santimita 30 zuwa sama a yi uku zuwa biyar, a rarraba su, kada su taru a tsakiya. Roba ba ta da wahala, a ɗora ƙusa babba a wuta ta yi ja a soka. Gwangwani da bokitin ƙarfe a huda su daga ciki zuwa waje, domin leɓen da ƙusa ke tayarwa ya kalli ƙasa, in ya kalli sama sai ya tare ragowar ruwa ya jawo tsatsa. Tukunyar ƙasa ita ce mai son lallami. A jiƙa ta cikin ruwa ta kwana, a kifa ta a kan yashi ko buhu, a huda da injin huda mai bakin da ake huda bango da shi, a hankali, ba tare da dannawa da ƙarfi ba, kuma a kashe masa bugun nan da yake yi in ana huda kankare. Wanda ba shi da inji zai iya murza bakin tsohuwar wuƙa ko ƙusa a wuri guda har ya ɓula. Guduma da ƙusa kuwa, sau da yawa sai tukunyar ta tsage. Mafi sauƙi duka shi ne a je wurin maginan tukwane a ba da aiki, su huda tun yumɓu yana ɗanye kafin a gasa.

Akwai wata al'ada da ta yaɗu, ta zuba tsakuwa a gindin tukunya wai don ruwa ya sauka. Ba ta yin abin da ake zato. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta jiƙe sharkaf, don haka abin da tsakuwar ke yi shi ne ta ɗago jiƙaƙƙen sashen zuwa sama, kusa da saiwa, kuma ta cinye wurin da ya kamata ƙasa ta zauna. A tukunyar da ba ta da huda kuwa, ruwan yana nan kwance a cikin tsakuwar yana ɗoyi. Abin da ake bukata a kan huda bai wuce tsingaro guda ɗaya mai lanƙwasa ba, a kifa shi yadda ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa, ko ɗan yankin tsohon gidan sauro. Na fi son gidan sauron, domin yana rage shigar tururuwa da gara.

Sai maganar irin tukunyar da za a zaɓa. A ƙasar da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, kamar Kano da Sakkwato da Maraɗi, tukunyar ƙasa ta gargajiya ita ce kan gaba, kuma dalilin shi ne dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi. Jikinta yana naso, ruwan da ya tsattsafo yana bin iska, tukunyar ta huce, saiwa ta samu sanyi da iska. Kuɗin wannan alheri shi ne saurin bushewa: a bazara ƙaramar tukunyar ƙasa da ke rana tana bukatar ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. Kafin a yi shuka a sabuwa a nutsa ta a ruwa ta kwana, in ba haka ba za ta tsotse ruwan farko duka ta bar dashen a bushe. A ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa tun a kasuwa. Wadda ta gasu sosai tana ƙara tas kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyiyar tsaga ko wadda ba ta ji wuta ba muryarta a dushe take, kuma damina ɗaya za ta marmashe. Tsohuwar randa ko tulun da ya fara yoyo ba abin yarwa ba ne. Sai dai a kula da masu ƙaramin baki da babban ciki: in saiwa ta cika cikin, babu yadda za a fitar da shukar sai an fasa tukunyar. Irin waɗannan a bar su ga fulawar da ke yin zango ɗaya ta ƙare.

Masu shafa wa tukunyar ƙasa fentin mai su sani cewa sun toshe mata naso, ta koma kamar roba. In ana son launi a yi zane a wuya da kafaɗa, a bar sauran jikin. Fentin da aka shafa a waje kawai yakan kumbura ya ɓare, saboda danshi yana turo shi daga ciki.

Roba tana da araha, ba nauyi, tana riƙe ruwa. Baƙa ko mai duhu in ta sha ranar yamma jikinta yakan yi zafin da ke dafa saiwoyin da suka jingina da ita, shi ya sa za a ga ɓangare ɗaya na shuka ya ƙone ɗayan yana lafiya. Mai arha kuma rana tana cinye ta, shekara ɗaya ko biyu ta fara karyewa a baki. Ƙarfe ya fi ta ɗaukar zafi, wurinsa inuwa. Ta siminti tana da ƙarko, iska ba ta kayar da ita, akuya ba ta ture ta, kuma mutum zai iya zuba abarsa: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, a shafa mai a cikin babban bokiti da bayan ƙarami, a bar kaurin santimita 3 tsakaninsu, a tsayar da guntun bututu a gindi domin huda. Bayan kwana biyu a zare, a yi ta jiƙa ta har sati guda a inuwa don kada ta tsattsage. Kada a yi gaggawar shuka a ciki. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na farar ƙasa wanda ke sa ganye ya koɗe ya yi rawaya, musamman iksora mai jajayen furanni a dunƙule. A cika ta da ruwa ana zubarwa ana sakewa na sati biyu, ko a bar ta ta sha ruwan sama.

Wanda ke zaune a bene ya yi lissafin nauyi. Tukunya mai faɗin santimita 40 da tsayi kamar haka tana cin ƙasa kusan lita 40, in ta jiƙe ta fi buhun siminti nauyi, ban da nauyin ita tukunyar. Shida irinta a jere a bakin baranda ba wasa ba ne. A matsar da su jikin bango, kuma kada a ɗora komai a kan katangar baranda inda iskar farkon damina za ta iya jefo shi kan mai wucewa.

To ina makomar tukwanen ado na gaske, na tangaran masu ƙyalli, da na tagulla, da kwandunan kaba, da ƙwarya mai zane? Ba wanda zai so ya sa inji a gindin tukunyar da ta yi kama da aikin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Ita ta fara da ginin hannu irin na Gwari, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, inda aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Wannan gashin yana sa tukunya ta yi ƙarfi da kyau, amma yana rufe mata naso gaba ɗaya. Maganin irin waɗannan shi ne tukunya biyu. A yi shukar a tukunyar roba mai huda, a zura ta a cikin ta adon, a bar sararin yatsa ɗaya ko biyu a kewaye. A sa guntun bulo ko murfin kwalba uku a ƙasa domin ta ciki ta ɗan ɗaga. Ranar ban ruwa a ciro ta, a shayar da ita a waje, ta tsane na minti goma sha biyar, a mayar. In bakin robar yana leƙowa a rufe shi da ƙananan duwatsu ko ɓawon gyaɗa. Ga kwando da ƙwarya a shimfiɗa leda mai kauri a ciki tukuna. Wannan dabara tana da wata riba: shukar falo in ta fara ramewa don rashin haske, a musanya ta da wata daga waje, tukunyar ado tana nan inda take. A rana ma tana aiki, domin baƙar robar da ke cikin tukunyar ƙasa ta tsira daga zafi.

Ƙasar da za a zuba ita ce ta biyu a muhimmanci bayan huda, kuma a nan aka fi yin ganganci. Ƙasar tsakar gida, musamman ja mai laka, in ta shiga tukunya tana jiƙewa tana bushewa sai ta daskare kamar tubali. Za a ga ta janye daga jikin tukunya, in an zuba ruwa ya bi ta gefe ya fice ta ƙasa, tsakiya ko ɗigo bai samu ba. Haɗin da ke yi wa yawancin fulawa shi ne kwano biyu na baƙar ƙasar lambu, kwano ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na taki ruɓaɓɓe. Yashi mai laushi kamar gari ba ya buɗe ƙasa, ƙara toshe ta yake yi. In akwai ɓuntun shinkafa, musamman wanda aka babbaka ya yi baƙi bai zama toka ba, a ƙara rabin kwano, yana sa haɗin ya yi sakwa-sakwa ya rage nauyi. Dakakken gawayi ma yana yi. Gwajin haɗi: a jiƙa shi kaɗan, a dunƙula a hannu, a taɓa da yatsa. In ya wargaje ya yi, in ya tsaya kamar curin fura a ƙara yashi.

Taki sai wanda ya ruɓe har ya daina wari da zafi, ya yi baƙi yana marmashewa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwanaki, ɗanyen na shanu yana jawo gara da tsutsa, na awaki da tumaki kuma yakan zo da irin ciyawa. A tara shi a jiƙa a rufe na wata biyu zuwa uku ana juyawa. Ga shuke-shuke masu ajiye ruwa a jikinsu, kamar kariya da alobera da moɗa mai ganye a tsaye kamar takubba, a juya lissafin: rabi yashi da gawayi, rabi ƙasa, taki ɗan kaɗan.

Girman tukunya ya bi girman saiwa. Sabuwar ta fi ledar ko tsohuwar tukunyar faɗi da santimita 3 zuwa 5 kawai. Ƙaramin dashe a ƙatuwar tukunya yana zaune ne a tsakiyar ƙasar da babu saiwar da za ta shanye ruwanta, sai ta daɗe a jiƙe. A yi dashe da la'asar sakaliya. A shayar da shukar tun da safe, a yanka ledar da reza maimakon a fizgo, in saiwa ta nannaɗe a gindi kamar gammo a warware ta da yatsa. Wuyan shukar ya tsaya daidai inda yake a da, kada a binne shi. A bar santimita 2 zuwa 3 tsakanin ƙasa da bakin tukunya domin ruwa ya samu wurin tsayawa. A danna kaɗan, a ba da ruwa har ya fito ta ƙasa, a ajiye a inuwa kwana biyar zuwa bakwai kafin a fitar rana. Farkon damina ya fi kowane lokaci dacewa, tsakiyar bazara ya fi kowane muni.

Wajen haɗa shuka fiye da ɗaya a tukunya guda, ido yakan so abu uku: mai tsayi a tsakiya ko a baya, masu cika jiki a kewaye, da mai zubowa ta baki ya rufe leɓen tukunyar. Amma sharaɗin da ke gaba da launi shi ne su zama masu bukata iri ɗaya. Alobera da na'ana'a ba sa zama gida ɗaya, ɗaya yana son ƙasa ta bushe ƙayau, ɗaya yana son danshi kullum. Na'ana'a ma dai a ba ta tukunyarta ita kaɗai, domin tana bin ƙarƙashin ƙasa ta mamaye kowa. Haɗin rana da ke jure zafinmu: ciyawar lemun shayi a tsakiya, binka mai furanni fari da ruwan hoda a kewaye, da fulawar nan mai rarrafe da ke buɗewa da hantsi ta rufe da yamma a baki. Barkono mai jajayen ƴaƴa da ɗoɗɗoya a babban kasko suna da kyau ƙwarai, kuma suna shiga miya. A tukunya mai faɗin santimita 40 shuka biyar ta isa. Kariya kuwa ita kaɗai ta fi kyau, a kasko mai faɗi marar zurfi, ana ɗan ɗago kumburarren gindinta sama duk lokacin da aka sauya mata ƙasa. A sani ruwan jikinta dafi ne, haka ma na fulawar falo mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, wadda in yaro ya tauna bakinsa da harshensa ke kumbura. Gidan da ke da masu rarrafe a ɗaga su sama ko a haƙura da su.

A jeri kuma, tukwane uku masu bambancin tsayi da aka tara a kusurwa ɗaya sun fi goma da aka jera a layi kamar masu jiran awo. Tukunya mai yawan zane a ba ta shuka mai ganye zalla, fulawa mai launi da yawa a ba ta tukunya marar ado. Taruwar tana da amfani ban da kyau: suna yi wa juna inuwa, danshi yana daɗewa a tsakaninsu lokacin hunturu.

Wurin ajiya ya danganta da bango. Jikin bangon da ke kallon gabas yana samun ranar safe da inuwar yamma, nan ne wurin da yawancin fulawa ke so. Wanda ke kallon yamma, musamman in ƙasan siminti ne ko tayil, tanda ne daga azahar zuwa la'asar, sai bugenbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, da kariya da ire-irensu. Akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba: a daidai Kano, daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da tsaka, sauran shekara tana karkata kudu. Gindin bangon da ke da inuwa a Disamba zai iya zama cikin rana tsaka a Yuni, don haka tukwanen inuwa suna bukatar ƙaura sau biyu a shekara. Kada a ajiye tukunya a ƙarƙashin indararo, ruwa ɗaya zai kwashe ƙasar ya bar saiwa a waje. A ɗora kowace a kan bulo biyu ko ƙafar ƙarfe: huda ba za ta toshe ba, gara ba za ta samu hanya kai tsaye ba, daɓe kuma ba zai yi tabo ba.

Ban ruwa ba shi da jadawalin da ya dace da duk shekara. A soka yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi a bari, in a bushe a zuba har ya fito ta huda. Yayyafin sama-sama kullum yana tara saiwa a fuskar ƙasa inda zafi ya fi. A Agusta matsalar yawan ruwa ce, masu ajiye ruwa a jiki a shigar da su ƙarƙashin rumfa. A hunturu ƙasa tana bushewa da sauri ga ƙura tana toshe ganye, a wanke ganyen sama da ƙasa sau ɗaya a sati, wannan yana rage ƙananan ƙwarin nan masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganye. Kariya in ta zubar da ganye a wannan lokaci hutu take yi, a rage mata ruwa sosai. Ruwan alwala yana da kyau a tara shi a bokiti, haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ruwan wanki mai garin sabulu yana kashe shuka sannu a hankali. Ruwan burtsatse na wasu unguwanni yana barin fari-fari kamar kanwa a fuskar ƙasa da bakin tukunya, bakin ganye ya riƙa ƙonewa. In an ga haka a kankare saman ƙasar, a kwarara ruwa mai yawa, kamar ninki biyu na cikin tukunyar, ya wanke gishirin ya fice, sau ɗaya a wata.

Farantin da ake sawa a ƙasa a zubar da ruwansa bayan rabin awa. Sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kamar kwana bakwai zuwa goma, kuma ruwan cikin faranti ya ishe shi. Haka gindin tukunyar ado mai ɗauke da wata a ciki, a riƙa leƙawa.

Abincin da ke cikin ƙasar tukunya yana ƙarewa cikin wata biyu zuwa uku, domin kowane ban ruwa yana wanke wani abu. Ga tukunya mai cin lita 10, rabin ƙaramin cokali na takin zamani mai lamba 15-15-15 ya isa duk sati shida, a binne shi a gefe nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Yuriya tana sa ganye ya yi yawa fure ya ragu, kuma kuskure kaɗan a awonta ƙuna ne. Bugenbiliya da ta ƙi fure yawanci an cika mata ruwa da taki ne, ko tukunyar ta yi mata yawa, a bar ta ta ɗan ji ƙishi a rana. Farin ƙwaro mai kama da auduga da ɗarɓa kuwa, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, ko ruwan dakakkun ƴaƴan darbejiya da aka jiƙa ya kwana aka tace, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan sati. A gwada a ganye biyu tukuna a jira kwana ɗaya. In tururuwa na hawa da sauka a kara, a duba da kyau, galibi waɗannan ƙwarin take kiwo.

Bayan shekara ɗaya ko biyu saiwa za ta fara leƙowa ta huda, ruwa ya riƙa wucewa nan take, shukar ta riƙa yaushi tun kafin azahar. In ana son ta ƙara girma a ba ta tukunya ta gaba. In ana son ta zauna a wadda take ciki saboda tukunyar ce abin so, a ciro ta, a yanke kamar kashi ɗaya cikin huɗu na saiwar daga ƙasa da gefe da wuƙa mai kaifi, a rage rassa daidai gwargwado, a wanke tukunyar a zuba sabon haɗi, a mayar da ita inuwa na sati guda.